Na tambayi diski ko zan iya rubutu, ya ce min e, ashe ƙarya yake (ko kuma ni ne ban iya tambaya ba)

Tun ranar Laraba nake ta juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bar ta, don gaskiya rabin labarin abin kunyata ne. Amma tunda yaron da ke koyon aiki a wajena ya riga ya baza ni a teburin mai shayi, har da ƙarin gishiri, to gara ku ji daga bakina.

Akwai wata Hajiya mai shagon sari a wajen Katako da nake kula mata da kwamfutoci, shekara ta uku kenan. Ba wani babban aiki ba ne, kwamfuta biyu a gaban shago, firinta ɗaya mai taurin kan tsiya, sai wata 'yar mitsitsiyar na'ura Raspberry Pi da na maƙale a bayan katan-katan na taliya da diski na waje a jikinta. Aikinta ɗaya ne tak, kullum ƙarfe biyar da rabi na yamma kafin a ja ƙofa ta kwaso lissafin ranar daga kwamfutar gaba ta adana, wato bakof, ajiyar ko-ta-kwana. Alpine Linux na sa mata saboda ba shi da nauyi kuma yana iya zama a cikin RAM gaba ɗaya, kun san yadda ɗauke wuta ke cinye katin memori a garin nan.

Skirif ɗin, wato jerin umarni, da na rubuta mata bai kai layi goma ba kuma a lokacin har ina jin kaina. Ya fara da tambaya, `[ -w /ajiya ]`, ma'ana shin ana iya rubutu a wannan folda? In amsar e ce sai ya yi kwafi ya rubuta "an gama" a log, in a'a ce sai ya turo min saƙo a waya. Kuma don kada log ya cika da surutu, sai na maƙala `2>/dev/null` a ƙarshen layin kwafin, wato duk saƙon kuskure a zubar da shi. Ku riƙe wannan, nan ne na haƙa wa kaina rami.

To ranar Larabar, da sanyin safiyar nan ta Jos da ko wanka sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa, Hajiya ta kira. Kwamfutar gaba ta ƙi tashi, ga wani kwastoma daga Bukuru ya zo suna jayayya kan bashi, shi ya ce ya biya rabi ita ta ce ba ta gani ba. Na ce Hajiya kwantar da hankalinki, ai komai na cikin bakof. Na hau keke na iso ina taƙama, na buɗe folda, fayil na ƙarshe kwanansa goma sha ɗaya. Na duba log, "an gama", "an gama", "an gama", sau goma sha ɗaya reras, har da na jiya.

Ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, ba kai ka ce min ko kwamfutar ta mutu lissafina na nan ba?"

Na ce, "Yana nan Hajiya, ina zuwa." Wallahi a cikin sanyin nan gumi nake.

Allah ya rufa asiri dai, diskin kwamfutar gaba lafiyarsa ƙalau, Windows ɗin ne ya rikice. Na tayar da ita da filashin Ubuntu na kwashe fayilolin, aka ga mutumin Bukuru da gaskiyarsa, ya biya rabi. Abin dariya wannan diskin a karatu-kawai ya hau, wato a karanta amma ba a rubutu a kai, don in Windows ya kwanta da Fast Startup a kunne bai mutu gaba ɗaya ba, direban ntfs-3g ba ya yarda ya yi rubutu a kai, yana tsoron ɓata abin da Windows ya bari a rataye. Ban damu ba tunda kwasa na zo yi ba zubawa ba. Amma a rana ɗaya diski biyu sun kulle min kansu, da wannan da na bakof kamar yadda za ku gani, sai na ce yau akwai magana.

Da hankali ya kwanta na koma kan 'yar na'urar. Na buga `touch /ajiya/gwaji`, ta ce min Read-only file system, wato diskin ya koma karatu-kawai. Na duba dmesg, wato log ɗin kernel, zuciyar Linux, ga shi nan ɓaro-ɓaro, ext4, tsarin fayil ɗin diskin, ya ci karo da matsala ya rubuta Remounting filesystem read-only, kuma ranar ta yi daidai da ranar da yaran shago suka ce an yi ta wasa da wuta, a kawo a ɗauke, batirin inbata kuma ya riga ya gaji. Wannan ba laifin kowa ba ne, ni da hannuna na sa `errors=remount-ro` a fstab, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a hau da diski, na kwaikwayo daga yadda Debian da Ubuntu ke yi, kuma abu ne mai kyau: in kernel ya ga lissafin diski ya fara karkacewa gara ya daina rubutu da ya ci gaba yana ƙara ɓarna. Diskin ya kare kansa ne. Abin da ya ɗaure min kai shi ne da na sake buga `[ -w /ajiya ] && echo e`, a wannan halin, a kan diskin da yanzun nan ya hana ni ƙirƙirar fayil marar komai, sai ta amsa min: e.

Da dare a gida na ɗauki wani tsohon filashi na yi masa ext4, na hau da shi da `mount -o ro` a laftof ɗina mai Ubuntu 22.04, na zama root, wato mai cikakken iko, kamar yadda skirif ɗin yake gudu a shago, na yi tambaya iri ɗaya sak a bash, manhajar da ke karɓar umarni a Ubuntu. Shiru, wato a'a. Tambaya ɗaya, Linux nan Linux can, amsa biyu.

Yarona ko tunani bai yi ba ya ce, "Oga ai bog ne kawai, busybox ɗin nan na Alpine ne bai da kai." Busybox shi ne ke karɓar umarni a Alpine a madadin bash. Ni ma zuciyata ta fi son hakan, don in bog ne, wato kuskuren manhaja, to ba laifina ba ne. Sai na tura wa Malam saƙon murya, tsohon ogana da ya koya min aikin nan, yanzu yana Abuja wajen Gwarinpa, mutumin da ya taɓa Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, tun ina firamare. Ya dawo min da murya ta minti huɗu, rabinta dariya. Ya ce kai yaro, `-w` bai taɓa yi maka alkawarin za ka iya rubutu ba, abin da yake gaya maka kawai shi ne alamar rubutu tana kunne, je ka karanta. Na ce Malam to bash fa da ya ce a'a? Ya ce bash ya yi maka alheri ne, ba bashi kake bin sa ba.

To na je na karanta ɗin, kuma dalilin wannan dogon rubutu kenan.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani kundin ƙa'ida da ake kira POSIX, lambarsa IEEE 1003.1, ya fara fitowa a 1988, lokacin da kowane kamfani ke da nasa Unix kuma manhajar da aka rubuta wa wannan ba ta gudu a kan wancan. Richard Stallman ne ma ya ba da shawarar sunan. Yanzu wani kwamiti da ake kira Austin Group ke kula da shi, an sabunta shi a 2001, da 2008, da 2017, na baya-bayan nan kuma 2024, kuma kyauta ake karanta shi a shafin The Open Group. Karatunsa sai ka ga kamar kana gaban malamin fiƙihu. In suka ce shall, wajibi ne. In suka ce should, mustahabbi ne, an so ka yi amma ba a kama ka. In suka ce may, ya halatta, ka yi ko ka bari. Akwai kuma abin da suke barin wa kowane gida al'adarsa, da sharaɗin ya rubuta ya faɗa wa mutane yadda yake yi. Kuma kamar yadda aka saba, inda nassi ya yi shiru nan saɓanin malamai yake.

Malam bai yi ƙarya ba. Tsohon lafazin bayanin `test -w`, wato dai `[ -w ]` ɗin skirif ɗina, wanda har yau za ka same shi a littafin jagorar FreeBSD, wani tsari dangin Unix, cewa yake amsar e tana nufin alamar rubutu na kunne ne kawai, kuma ya ƙara da baki buɗe cewa fayil ɗin ba zai rubutu ba a kan diski mai karatu-kawai ko da gwajin ya ce e. Wato sun san da ramin, sun ma kafa masa alama. Busybox ɗin da ke kan na'urata a kan wannan tsohuwar fahimta yake tafiya, ba ya tambayar kernel ko za a bari, stat kawai yake kira ya kalli alamomin nan na rwx (karatu, rubutu, gudanarwa) ya yi lissafinsa da kansa, in kuma ya ga kai root ne ba ya ma wahalar da kansa, karatu ko rubutu amsarsa e ce. Ni kuma skirif ɗina a root yake gudu. Ko da diskin ya zama dutse, e zai ce.

Amma daga bugun 2001 lafazin ya canza. Aka cire waccan jimlar, aka ce amsar e tana nufin za a ba da izinin rubutu, kamar yadda wani sashe na daban ya bayyana. Yarona da na karanta masa sai ya yi tsalle, "Ka gani ko Oga! Za a ba da izini, kuma ba a ba mu ba!" Na ce tsaya tukuna, bi sashen da suka tura ka. In ka bi, zai kai ka ga bayanin izinin fayil, a can kuma maganar da ake yi ita ce ta wane ne kai: mai fayil ne, ɗan rukuninsa ne, ko bare, ko kuma mai gata na musamman irin root, sai kuma damar da aka ba kowane tsari ya ƙara nasa matakan tsaro. Diski mai karatu-kawai kuwa an ba shi ma'anarsa daban a wani wuri, an ce tsarin fayil ne mai wasu siffofi da ke hana canji, kuma kowane gida shi zai fayyace siffofin. To shin kullewar diski "hana izini" ce, ko wani abu ne daban da ba ruwansa da izini?

Mu 'yan Jos ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Shagonka ne, makulli na aljihunka, takardar haya da sunanka, babu mahaluƙin da zai ce ba ka da izinin shiga. Sai aka sa dokar hana fita. Wani ya tambaye ka, kana da izinin buɗe shagonka? E mana. Za ka iya buɗewa yau? Ina! Busybox tambayar farko yake amsawa, bash ta biyu, ni kuma da na rubuta skirif ban ma san tambayoyin biyu ba ne.

Ni dai a nawa ganin, in aka kai su gaban alƙali busybox zai iya kare kansa da lafazi, amma bash ya fi kusa da abin da mai tambaya yake nufi, don ba wanda ke rubuta `-w` saboda sha'awar sanin alamomi, kowa so yake ya san ko rubutunsa zai shiga. Malam bai yarda da ni ba har yanzu, ya ce in kana son manufa je ka karanta waƙa, kundin ƙa'ida lafazi ne.

Inda babu jayayya shi ne a ƙasa, wajen access(), wato kiran da manhaja ke yi wa kernel da yaren C ta ce duba min wannan fayil, da R_OK don karatu, W_OK don rubutu, X_OK don gudanarwa, F_OK don sanin ko yana nan ma. Bash ta wannan hanyar yake bi, shi ko ɗan'uwansa faccessat() da ya shigo kundin a 2008. A nan POSIX bai yi kwana-kwana ba, a jerin wajibai ya sa shi: in an nemi rubutu a fayil da ke kan diski mai karatu-kawai, dole kiran ya faɗi da EROFS. A Linux lambarsa 30. Na rashin izini kuma EACCES ne, lamba 13. Kun ga ko a nan an raba su gida biyu, wanda hakan ma hujja ce ga Malam, kuma bai bar ni na manta ba.

Wani abu da mutane ke mantawa, access() da ainihin mai amfani yake aiki, ba da rigar da manhaja ta ara ba. An yi shi ne don manhajoji masu setuid, irin passwd, da ke gudu da ƙarfin root amma suna son sanin shi wanda ya kira su ɗin, da ƙarfin kansa, zai iya taɓa wannan fayil? In kana son a duba da rigar aron sai ka yi faccessat() da AT_EACCESS. Wannan ba shi ne ya cije ni ba, na faɗa ne don na san akwai wanda zai cije.

Da na ga haka sai na ɗauka magana ta ƙare, ashe akwai sauran rina a kaba. Yarona ne ya jawo ta, kuma a nan na yaba masa. Ya ce, "To Oga in abu biyun suka haɗu fa? Ba ni da izini, kuma diskin a kulle, wanne za a faɗa min?" Na ce ai EROFS ne, wajibi ne. Ya ce ai EACCES ɗin ma a jerin wajiban yake. Na duba, gaskiyarsa. Amsar tana can wani sashe na gaba ɗaya da ke magana kan lambobin kuskure, inda aka ce in kuskure fiye da ɗaya ya faru a kira ɗaya, kowanne daga ciki aka dawo da shi daidai ne, don ba a ƙayyade wanda za a fara ganowa ba. Shikenan. Kundin ya wanke hannunsa.

Muka ce bari mu ga shi Linux ɗin me yake yi, muka zauna da strace, mai nuna kiran da manhaja ke yi wa kernel, har wajen sha biyun dare, shayi ya huce mana sau biyu. Fayil na root ne, 644, wato mai shi kaɗai ke iya rubutu, mu kuma muka koma talakan mai amfani. A kan filashin da aka hau da shi gaba ɗaya a karatu-kawai, amsa EROFS. Sai muka mayar da filashin yana rubutuwa, muka yi `mount --bind` na folda ɗin zuwa wani wuri muka kulle wannan wurin kaɗai da ro, irin abin da Docker ke yi in ka sa `:ro` a ƙarshen folda. Fayil ɗaya, mutum ɗaya, kernel ɗaya, muka tambaya ta sabuwar ƙofar, amsa EACCES. Yaro ya kalle ni na kalle shi.

Dalilin yana cikin kod ɗin kernel kuma ba shi da wuyar bi. In shi kansa tsarin fayil ɗin ne a kulle, ana duba wannan tun kafin a kalli ko kai wane ne, sai a sallame ka da 30. In kuwa ƙofar da ka biyo ce kawai a kulle, wanda Linux ya fara iyawa a 2.6.26 a shekarar 2008, to sai an gama duba izininka tukuna, in ka faɗi a nan 13 za ka samu, sai wanda ya tsallake ne ake gaya wa ai ƙofar ma a rufe take. Dukansu biyu halal ne a wajen POSIX. Wanda zai sha wuya shi ne mai manhajar da ya rubuta "in ka ga 13 ka ce wa mutum ya nemi izini wajen admin", mutum ya je ya samo izinin da ƙyar ya dawo, sai a ce masa af, ai diskin ma ba ya rubutuwa.

Daga nan ne ma cutar `chmod 777` ke samun mutane. Duk wanda ya taɓa gyaran sabar a ƙasar nan ya ga wannan, abu ya ƙi rubutuwa, ba a karanta saƙon ba, a buɗe wa duniya fayil. A kan diski mai karatu-kawai shi kansa chmod ɗin faɗuwa yake da EROFS, don canza alama ma rubutu ne, sai ka ga mutum yana ta ƙara sudo, umarnin aron ƙarfin root, kamar mai ƙara wa mota mai alhali taya ce ta fashe. Root yana tsallake alamomin izini, amma ba ya tsallake kullen diski. Haka in an sa wa fayil `chattr +i` mai hana a canza shi, shi kuma wani kuskuren ne na uku, EPERM, lamba 1. Masu Python kuma ku ji, `os.access` True ko False kawai yake ba ku, ya haɗiye dalilin gaba ɗaya, 13 ne ko 30 ne ko fayil ɗin ma babu shi, duk False.

Sai wani wuri da ya fi ba ni sha'awa, inda Linux da kansa bai bi zahirin lafazi ba. Kundin ya ce fayil a kan diski mai karatu-kawai, bai ware kowane iri ba. Amma kafin mu kulle filashin mun yi `mkfifo` a ciki, wato bututun da manhaja biyu ke zance ta cikinsa, da muka kulle muka tambaya ko ana iya rubutu a bututun, kernel ya ce e, kuma da gaske ana iyawa. Fayil na yau da kullum da folda da mahaɗin symlink kawai yake hanawa. Bututu da soket da fayilolin na'ura irin /dev/null ya ƙyale su, saboda abin da ka zuba a cikinsu ba ya sauka a kan diskin, sunan ne kawai ke zaune a can. In da za a bi lafazi ido rufe, tsarin da ya tashi daga diski kulle da fayilolin na'urarsa a kai ko allo ba zai iya yi wa rubutu ba. Na tura wa Malam wannan da murna, na ce Malam ga manufa ta ci lafazi a cikin kernel kansa. Ya ga saƙon, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba sai washegari, kuma da ya amsa maganar kuɗin makarantar yara ya yi min.

Af, wani ɗan abin dariya. Da yarona ya buga EROFS a Google, sai ga shafukan wayoyin Android sun cika masa fuska. Ashe akwai wani tsarin fayil sukutum mai wannan suna, injiniyoyin Huawei suka fara shi, ya shiga Linux sosai a 5.4 a 2019, kuma wayoyi da yawa da shi suke kulle ɓangaren tsarinsu. Ya kusa minti ashirin yana karanta abin da bai shafe mu ba. Amma ya tuna min cewa diski mai karatu-kawai ba baƙon abu ba ne da sai an yi haɗari ake gani, ko'ina yake. Filashin Ubuntu da na ceci Hajiya da shi squashfs ne a ciki, wani tsarin fayil mai karatu-kawai, manhajojin snap haka, faifan CD ma karatu-kawai ne, Apple ma tun macOS Catalina a 2019 suka kulle ɓangaren tsarinsu. Har ɗan makunnin nan na gefen katin SD, wanda ba a haɗa shi da komai a cikin katin ba, na'urar karantawa ce ke lura da shi ta girmama shi, in ta ga dama.

Duk wannan karatun, in na faɗi gaskiya, bai wanke ni ba. Ko da bash ne a kan na'urar, ko da ya ba ni amsar da ta dace, skirif ɗin a karye yake. A ce ya tambaya ƙarfe biyar da rabi daidai aka ce masa e, daƙiƙa biyu bayan nan wuta ta yi ƙyaf diski ya kulle, me amsar ta amfana? Littafin jagorar access() na Linux da kansa yana gargaɗi kan tazarar da ke tsakanin dubawa da aikatawa, su saboda tsaro suke faɗa, kada wani ya musanya fayil a tsakani, mu kuma a nan ko ba ɓarawo wutar lantarki ta ishe mu. Kuma in diskin cika ya yi fa, ENOSPC, lamba 28? Babu `-w` ɗin da zai gaya maka, na bash ko na busybox. Shi cp ya yi ta ihu kwana goma sha ɗaya yana cewa Read-only file system, ni na toshe masa baki da /dev/null, kuma ban duba ko ya yi nasara ba kafin in rubuta "an gama".

Na sauke diskin na yi masa `e2fsck -f`, ya gyara abin da zai gyara, 'yan tarkace biyu suka faɗa lost+found, na canza kebul ɗin don na ga bakinsa ya yi laushi. Skirif ɗin kuma na rushe shi na sake. Yanzu ba ya tambayar kowa izini, kwafi yake yi kai tsaye zuwa suna na wucin gadi, ya duba abin da cp ya dawo da shi, ya yi sync, ya gwada sha256sum na asali da na kwafi, sai sun yi daidai ya canza sunan zuwa na gaskiya. In wani abu ya faɗi, ainihin saƙon kuskuren yake turo min ba fassararsa ba, yana kuma leƙa /proc/mounts ya ga ko akwai ro a layin diskin don in san da wace jaka zan fito daga gida. In ya yi nasara ma yana turo saƙo, ranar da shida ta yi ban ji komai ba na san akwai matsala.

Hajiya da na yi mata bayani sama-sama ta ce ita ba ta gane ko ɗaya ba, amma daga yau saƙon nan ya riƙa shiga wayarta ita ma, tunda ni an ga kamun ludayina. Ban da bakin musu, na sa lambarta. Batirin inbata kuma ta ce sai bayan ta ga cinikin ƙarshen wata.

Jiya da yamma ina gida na ce bari in gwada sabon tsarin ta nesa, na shiga na'urar na buga `mount -o remount,ro /ajiya` da gangan, na jira biyar da rabi. Biyar da minti talatin da ɗaya wayata ta yi ƙara, ga saƙo tsaf, bakof ya faɗi, diski a kulle. Ina cikin murmushi ina shirin mayar da shi rw sai ga kira ya shigo, na manta sam ba ni kaɗai ke samun saƙon ba.

"Ɗan nan! Me kuma ya kulle? Ina Terminus yanzu, in juyo ne?"